Kofin da Baffa Idi Ya Bari a Cike

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Baffa Idi abin sha ya san yadda ake yi. Ba ya karɓa da hannu ɗaya, ko da ruwan randa ne a moɗa. Sai ya gyara zama, ya tara hannu biyu, dama ta riƙe kofin, hagu ta tallafo gindinsa, ya sunkuyar da kai ya ce, “Madalla da mai zubawa.” Daga nan labari ya rabu biyu. A wasu gidajen ya shanye tas har ya nemi ƙari. A wasu kuwa ya ajiye kofin a gabansa a cike, ya yi ta zuba hira har shayin ya huce ƙuda ya faɗa, ya tashi ya yi sallama. Gidanmu yana cikin na biyun. Shekara kusan arba'in yana zuwa gaida ƙaninsa, wato mahaifina, kowace Juma'a da kowace salla, bai taɓa kurɓar ko ruwan gidanmu ba.

Kun ce tsoron sammu ne. Kun ce girman kai ne irin na wanda ya taɓa hawa jirgin sama. Wasunku ma cewa suka yi ai tun da ya dawo daga Japan notin kansa ya kwance. To, ga shi an yi arba'in, kun ce a zauren danginmu na waya kowa ya rubuto abin dariyar da ya tuna na marigayi, wai don yara su san shi. Ni aka fi matsa wa, don ni ce 'yar gaban goshinsa, mai sunan mahaifiyarsu, wadda shi da Baba duk suke kira Uwata. Zan ba ku dariyar tunda ita kuka nema, amma ku sani raina a ɓace yake. Ranar zaman makoki ina raba wa mata kunu a tsakar gida, na ji wata dattijuwa da ta zo daga Garo ta yi ajiyar zuciya ta ce, “Allah sarki Idi Jafan, mutumin kirki. Allah dai Ya yafe masa abin da ya sha a can.” Mata suka amsa da amin. Kwanansa biyu a kabari, ƙaryar nan tana zaune a tsakar gidansa ana ba ta kunu. Saura kaɗan in saki ludayin.

Ga waɗanda aka haifa jiya, Baffa malamin gona ne. Ina 'yar shekara bakwai aka sa shi cikin waɗanda za su je Japan koyon noman shinkafa na wata uku. Wata uku kacal! Amma in kun ji shi yana ba da labari sai ku rantse can aka binne cibiyarsa. Ya dawo da akwati ɗaya. Mutane na jiran rediyo da agogon bango, Gwaggo Ladi matarsa na jiran ko da yadi huɗu. Aka buɗe, sai littattafai, da wata doguwar igiya mai ƙulle-ƙulle, da hotuna, da tsinke biyu na cin abinci a cikin 'yar jakar ƙyalle.

Tsinken nan ne ya fara jawo masa suna. Ran da ya sauka Gwaggo ta yi masa tuwon shinkafa da miyar ɗanyar kuɓewa, gida ya cika maƙil da 'yan sannu da zuwa. Baffa ya wanke hannu, ya yi bismilla, kowa na jiran ya kai loma, sai ya zaro tsinke.

Gwaggo ta ce, “Malam, saƙa za ka yi ko cin tuwo?”

Ya ce, “Ladi, mutanen da suka ƙera motar da ta ɗauko ni daga Kano da wannan suke ci. Ke kin fi su wayo ne?”

Ya tsinko tuwon lafiya lau, ya tsoma a miya, ya ɗago. Kuɓewa fa ta ce ba ta san zancen ba. Lomar ta sulale ta sauka a gaban sabuwar rigarsa. Ta biyu ta bi ta. Ta uku ta faɗa a cinyar wani baƙo daga Gude. Yara muna ta toshe baki. Baffa ya dubi tsinke, ya dubi kwano, ya ce, “Ba laifin tsinke ba ne. Miyar ce ba ta waye ba.” Kuma kada ku ce ya haƙura. Har ya koma ga Allah da tsinke yake cin tuwo, miyar kuma a zuba masa daban ya ɗaga kwano ya kurɓa, wai haka ake yi a can. Gwaggo takan ce kafin Malam ya gama malmala ɗaya, mai ƙafa ya je Kabo ya dawo.

Ni ce mai sauraron labaransa, don manya sun gaji da su tun a watan farko. Bayan la'asar in na dawo daga islamiyya sai in zarce gidansa, in same shi a gindin dalbejiya yana gyaran igiya.

“Uwata, na taɓa ba ki labarin karin kumallon farko?”

“Sau goma, Baffa.”

“To zauna ki ji na sha ɗaya. Gari ya waye, ba koko, ba ƙosai. Aka kawo shinkafa fara fat, ba mai ba yaji, da wani ɗan kwano a rufe. Abokan tafiyata su biyu suka buɗe nasu, suka toshe hanci suka ture. Ni kuwa ina buɗewa sai na ji ƙwalla. Waken suya ne aka bari ya ruɓa, yana yauƙi, yana wari. Na ce, la'ilaha illallahu, daddawa! Ashe ta riga ni zuwa!”

Ya cinye nasa, ya jawo na mutum biyun nan ya haɗa. Mai dafa abincin, wata tsohuwa, ta fito daga kicin don ta ga baƙon da ya nemi ƙari, ta yi ta rusuna masa, shi ma yana rusuna mata, har shinkafar ta huce. Ya ce tun ranar ya san mutanen nan 'yan'uwanmu ne, don duk wanda ya san darajar abu mai wari ya san duniya. Abin da ya jawo wa Gwaggo ke nan. Kullum safiya sai ya marmasa ɗanyar daddawa a kan farar shinkafa ya ci, ita kuma ta kafa doka cewa a zaure za a yi wannan ibadar, ba a ɗakinta ba.

Labarin kifi na fi so. Wai an kai su wani ɗan shago mai kujeru shida, mai shagon na tsaye da wuƙa yana yanka kifi yana ɗora wa kowa a kan curin shinkafa.

Na ce, “Ɗanye, Baffa?”

“Ɗanye sharaf. Wuta ba ta ma san an haife shi ba.”

“Ba ka yi amai ba?”

“Amai na me? Kifi halal ne, ki tambayi malaminku. Ba kifin ne ya kayar da ni ba. A gefen faranti aka ɗiga wani koren abu, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Na ce a raina, kai, mutanen nan da rowar miyar kuka suke! Na kwashe shi duka na kai baki.”

“Sai me?”

“Uwata, barkononmu mutumin kirki ne, ta ƙofa yake shigowa, ya yi sallama. Wannan ta hanci ya haura. Kaina ya buɗe, idona ya rufe, na ga kakana Malam Buba da ya rasu tun ba a haife ni ba.”

“Me ya ce maka?”

“Ya ce, Idi, sha ruwa.”

Duk wanda ya shiga zaurensa kuma ya san hoton nan da ke rataye a bango, cikin gilashi, wanda babu komai a cikinsa sai toka-toka. Ranar hutu ce aka kwashe su a mota yawon buɗe ido, za a nuna musu babban dutsen ƙasar, Fuji, mai farar ƙanƙara a ka. Suka yi tafiyar rabin yini. Suna isa, gajimare ya lulluɓe dutsen ruf. Suka zauna, suka ci guzuri, suka ƙara zama, ko gindinsa ba su gani ba. Matar da ke yi musu jagora ta yi ta sunkuyawa tana ba su haƙuri kamar ita ta ɓoye shi. Baffa ya sa tafinta ya ce mata kada ta damu, a garinmu ma in ka je gaida babba wani lokaci sai a ce ba ya nan, alhali kana ganin takalminsa a ƙofa. A wurin akwai masu sayar da hotunan dutsen, masu kyau, rana na haska shi. Kowa ya saya don ya nuna a gida. Baffa ya ƙi. Ya ɗaga kyamarar aro ya ɗauki gajimaren.

Na ce, “Haba Baffa, wa zai sani?”

Ya ce, “Ni. Abin da ban gani ba, ba zan rataye shi a bango in ce na gani ba.”

In baƙo ya tsaya yana ƙare wa hoton kallo ya ce, “Malam, wannan fa na mene ne?” sai Baffa ya ce, “Dutse ne. Yana baya.” Ku riƙe wannan labarin, don mutumin da ya ƙi yin ƙarya a kan dutse shi kuka ce ya yi muku ƙarya a kan kofi.

Igiyar nan mai ƙulle-ƙulle ma ta sha dariya. Ya kai ta fadamar bakin dam, ya ja ta daga kunya zuwa kunya, yana dasa shinkafa a kan kowane ƙulli, layi-layi, maimakon ya watsa iri kamar kowa. Manoma suka bar aikinsu suka zo kallo, suna cewa Idi Jafan na koya wa shinkafa sahun salla. Kaka ta yi, ya cika rumbunsa har ya ari na maƙwabci. Yau ku bi fadamun nan tun daga Gude har Unguwar Tudu, kowa da igiyarsa. Ku tambayi mutum wa ya kawo, sai ya ce haka ya taso ya gani.

To, dariya ta isa haka. Bari in zo kan hoton da kuka fi sani, ko da yake yawancinku ba ku taɓa ganinsa ba, ji kawai kuka yi. A cikinsa Baffa na zaune a kan tabarma, kusa da wani tsohon manomi ɗan Japan. Tsohon na riƙe da 'yar farar kwalba yana zubawa, Baffa ya tara ɗan ƙaramin kofi da hannu biyu, mutane a kewaye suna dariya. Shi ke nan abin da ke ciki.

Shekara guda bayan dawowarsa kakanmu, dagacin garinmu, ya rasu. 'Ya'yansa maza biyu ne, uwa ɗaya uba ɗaya, Baffa babba, Baba ƙarami. Ba wanda ya yi shakkar rawanin na Baffa ne. Saura kwana kaɗan dattawa su aika wa hakimi da suna, sai hoton nan ya ɓace daga cikin hotunan Baffa, ya ɓulla a zauren liman. Aka samu mai bayani ya ce abin da ke cikin kwalbar giyar shinkafa ce ta mutanen can, wadda suke kira sake. Dattawa suka aika aka kira Baffa. Liman na lokacin, Allah Ya jiƙansa, ya sha ba da labarin zaman, shi ya sa na san shi kamar ina wurin.

Liman ya ce, “Malam Idi, wannan kai ne?”

“Ni ne, Allah gafarta malam. Har na fi kyau a nan.”

“Abin da ke cikin kwalbar fa?”

“Giya ce. Ta shinkafa. Masu sha sun ce mai kyau ce.”

Zaure ya ɗauki salati.

“Ka sha?”

“Ban sha ba.”

“To alhamdu lillahi. Ga Alƙur'ani, yi alwala ka dafa, magana ta mutu a nan.”

Baffa ya dube su ɗaya bayan ɗaya ya ce, “Duk ran da liman ba ya nan, wa kuke turawa gaba ya ja ku salla? Na ce ban sha ba. In maganata ba ta ishe ku a kan kofi ɗaya ba, ta yaya za ta ishe ku a kan iyakar gona da gadon marayu? Ku ba wanda kuka yarda da shi.” Ya sa takalminsa ya fita.

Wallahi har yau ina jin haushinsa a kan wannan. Dafawa ɗaya, Baffa! Minti nawa ne? Amma kun san shi, in ya kafe ko jaki sai ya sara masa. Gari kuwa ya ce ai ƙin rantsuwa amsa laifi ne. Aka naɗa Baba. Ranar naɗi Baffa ne ya fara zuwa gaisuwa. Ya tsaya a gaban ƙaninsa, ya haɗa ƙafa, ya sunkuya irin ta Japan har hularsa ta kusa faɗuwa, ya ce, “Ranka ya daɗe.” Aka kawo masa fura. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce madalla da mai zubawa, ya ajiye ta a cike. Ranar aka fara.

Ba rawani kaɗai ya rasa ba. Ba a sake tura shi gaba a masallaci ba. In ya zauna a majalisa sai ka ga wani ya ɗan matso yana shaƙar iska. In ya yi tuntuɓe a hanya, a kalli juna. Aka raɗa masa Sha-ka-faɗi, kuma har yau a makarantar da nake koyarwa ina jin yara na kiran jikokinsa da sunan. Shi kuwa bai taɓa ɗaga murya ba. Iyakarsa ya ce da ni, “A garin Nara can Japan na ga barewa, Uwata, sai ta rusuna maka kafin ta karɓi abin hannunka. A nan a karɓe naka, kuma kai za ka rusuna.”

Sai da na yi aure na haihu sannan na yi ƙarfin halin tambayarsa. Na same shi a fadama, ƙafa duk taɓo, na ce yau ba zan tafi ba sai ya gaya mini abin da ya faru da kofin nan. Ya zauna a kan kunya ya ba ni labari.

Makonni biyun ƙarshe an raba su gidajen manoma. Shi ya faɗa hannun tsohon nan na cikin hoto, wanda sunansa ya yi wa Baffa nauyi a baki, sai ya raɗa masa Tanko. Kafin Baffa ya iso, Tanko ya fitar da naman alade daga gidansa, ya sayi sabuwar tukunya don baƙo. Da ya ga Baffa na neman alƙibla, ya ɗauko alli ya yi alama a bango don kada ya sake wahala. Ranar bankwana da yamma maƙwabta suka taru. A al'adarsu ba wanda ke zuba wa kansa, mai gida ne ke zuba wa baƙo da hannunsa, kuma in baƙo ya ture kofin a gaban jama'a, an ci fuskar mai gida. Tanko ya ce da tafinta ya gaya wa Baffa, ya san ba ya sha, amma ubansa bai taɓa sallamar baƙo bai zuba masa ba, shi ma ba zai iya ba. Ya karɓa kawai ya ajiye. A wurinsu kofin da aka shanye shi ake ƙara cikawa. Wanda aka bari a cike kuwa ma'anarsa na gode, amma a'a, kuma ba wanda ya ji kunya.

“Na karɓa, Uwata. Riƙewar nan na san ba daidai ba ce, ita nake wa istigfari har yau. Amma ko leɓena bai taɓa ba. Aka kawo mini koren shayi. Kin san abin da ya sa ba na manta Tanko? Mutum ne mai son abarsa, kullum sai ya sha. Ranar nan aka zuba masa, ya dube ni, ya ajiye nasa kusa da nawa. Har aka tashi kofi biyu na nan a cike. Wai kada baƙonsa ya zauna shi kaɗai.”

Na ce, “To kofin gidanmu fa, Baffa?”

Ya yi murmushi ya ce, “Zumunci a ƙafa yake, Uwata, ba a maƙogwaro ba. Ina zuwa, ina gaishe shi, ina karɓa. Ban taɓa kunyata shi a gaban mutanensa ba. Amma a'a.”

A ranar na zauna na lissafa gidajen da yake barin kofi a cike. Gidajen waɗanda suka zauna a zauren liman ne, da namu. Ban gane dalilin namu sosai ba sai da Inna, mahaifiyata, ta kwanta ciwon ajali. Ta kama hannuna ta ce akwai abin da ya tsaya mata a wuya shekara da shekaru. Washegarin dawowar Baffa, kafin kowa ya ga hotunan, wurin Baba ya fara kawo su. Ita ta kai musu ruwa, ta tsaya tana kallo. A gabanta Baffa ya ba Baba labarin Tanko da kofi biyu, tun daga farko har ƙarshe, suna dariya har Baba na riƙe ciki. Bayan rasuwar kakanmu kuma, ta ɗauki rigar Baba za ta wanke, ta sami hoton a aljihu. Ta mayar, ta yi shiru. Hausawa suka ce naka shi ke ba da kai. Baba bai yi zaton yayansa ya sha ba. Ya san bai sha ba.

Da ciwon Baffa ya tsananta, Gwaggo Ladi ta riga ta rasu, ni na koma gidan ina jinyarsa. Wata Litinin da hantsi ya ce in aika a kira masa Baba, kuma a ce ya taho da shayin gidansa. Baba ya zo yana dogara sanda, aka biyo shi da fulas. Ya zauna a bakin gado.

Baffa ya ce, “Lawan.”

Baba ya ɗago a firgice. Tun ranar naɗi bai ji sunansa a bakin yayansa ba, sai ranka ya daɗe.

“Zuba mini da hannunka.”

Baba ya zuba, rabi a kofi rabi a tabarma. Baffa ya tara hannu biyu, ni na tallafa masa baya. Ya ce, “Madalla da mai zubawa.” Ya kai baki. Ya sha a hankali, yana hutawa, har ya shanye tas, ya kife kofin. Ni hawaye ya riga ya wanke mini fuska. Sai ya lashi baki ya ce, “Sukari ya yi yawa. Ashe shekara arba'in ban yi asarar komai ba.”

Na yi dariya ina kuka. Baba kuwa ya kifa kai a gefen gado yana shessheƙa.

Baffa ya dafa rawanin Baba ya ce, “Nawa na yafe maka, duniya da lahira. Amma mutanen gari ba daga bakina suka ji ba, ba kuma daga bakina za su ji gyara ba. Ina da jikoki, Lawan. Ka gaya musu.”

Baba ya ce, “Zan faɗa, Yaya. Ranar Juma'a, bayan an idar da salla, zan tashi in faɗa.”

Ranar Laraba Baffa ya cika. Juma'a ta zo ta wuce, aka ce ana cikin makoki. Ta biyu aka ce Dagaci ba ya jin daɗi. Juma'a shida ke nan sun wuce. Kowace na aika a saurara mini, kowace aka dawo aka ce an yi addu'a an watse.

Baba, na san za a karanta maka wannan, don idonka ba ya ganin rubutun waya. Ka gafarce ni. Ban taɓa ɗaga ido na dube ka ba, kuma ba yau zan fara ba. Amma kai ka sa mini sunan mahaifiyarku, kai kake kirana Uwata, to yau da bakinta nake magana. Ba wanda ya ce ka cire rawani, mai shi ma ya tafi inda ba a naɗa shi. Magana ce ba ta fi numfashi ɗaya ba: yayana bai sha ba, kuma na sani tun farko. Liman ya tafi, dattawan zauren nan duk sun tafi, Inna ta tafi. Kai kaɗai ka rage wanda in ya faɗa za a yarda, kuma kai ma ba yaro ba ne.

Jibi Juma'a. Zan zo gaishe ka bayan an sauko, kamar yadda na saba. Na san za a kawo mini zoɓo a kofin gilashin nan na baƙi. Zan karɓa da hannu biyu, in ce madalla da mai zubawa. Ko zan sha ko zan ajiye, wannan yana ga abin da aka ji a masallaci.

Da aka zo rabon kayansa kowa ya ɗauki abin da zai amfane shi. Ni na ɗauki tsinken da hoton gajimare. Na rataye shi a ɗakina, jiya autata ta tambaye ni na mene ne, na ba ta amsarsa, na ce dutse ne, yana baya.

Allah Ka jiƙan Baffa Idi, Ka yafe masa riƙon da ya yi da taurin kan da ya yi, Ka haskaka kabarinsa. Ka ba Baba ƙarfin tashi tsaye tun yana da sauran Juma'a. Ranar ƙishirwa kuma Ka shayar da Baffana daga Alkausara. Na san da hannu biyu zai karɓa, kuma ba zai rage ko ɗigo ba. Amin.